Fit Me, Pro Conceal da Buttercup a zafin Legas: inda suke aiki da inda suke gazawa

Kaya uku ne suka fi yawo a jakunkunan kwalliyar matanmu na Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12: fandeshan ɗin Maybelline Fit Me mai rubutun Matte + Poreless (ruwan kwalliya mai kalar fata da ake shafa wa fuska duka), konsilar L.A. Girl Pro Conceal (mai kauri, ta rufe tabo da duhun ƙasan ido), da hodar Sacha Buttercup mai ruwan ɗorawa. Ba su ne mafiya tsada ba, akwai kuma waɗanda suka fi su inganci, amma su ake samu a kusan kowane shagon kayan kwalliya daga Balogun har Trade Fair, da su kuma masu kwalliyar amare da yawa suka fara koyon sana'a. Ga mace mai maiƙon fuska da ke zaune a Legas, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu da kayan nan, in dai ta sayi na asali ta kuma shafa kaɗan. Yawancin ƙorafin da ake yi a kansu, in an bi diddigi, ko dai jabu aka saya ko kuma an labta da yawa.

Dole a fara da yanayin garin, domin shi ne alƙali. Legas a bakin teku take, laimar iska takan kai kashi 80 cikin 100 a yawancin watannin shekara. A Kano ko Katsina gumi yana fitowa iska ta busar da shi. A nan zama yake yi a kan fata, ya haɗu da maiƙon da fuska ke fitarwa, su biyun su ɗago kwalliyar daga ƙasa. Shi ne nason da kike gani a goshi da karan hanci tun ba ki sauka daga danfo a Oshodi ba. Ƙara hoda a kai ba ya magance shi, domin matsalar daga ƙarƙashi take tasowa.

Fit Me na Matte + Poreless an yi shi ne domin fata mai maiƙo da matsakaiciya. Kwalbar mililita 30 ce, ruwan ciki tsinkakke ne, yana rufe tabo daidai gwargwado ba tare da ya toshe fuska gaba ɗaya ba. Abin da ya sa ya dace da Legas shi ne akwai garin da ke tsotse maiƙo a cikinsa, yana kuma bushewa da wuri ba ya barin sheƙi. A rana irin ta yau da kullum, mai maiƙo sosai za ta fara ganin ƙyalli a hanci bayan awa uku zuwa huɗu, mai matsakaiciyar fata takan wuce haka. Wannan ba laifi ba ne ga kaya mai irin farashinsa. Abin da ba mu so a tare da shi shi ne kwalbar gilashin da ba ta da famfo. Sai an karkata an zuba, kuma sau da yawa abin da ya zubo ya ninka abin da ake buƙata. Dabarar ita ce ki ɗora yatsa mai tsabta a bakin kwalbar, ki kifa ta sau ɗaya ki miƙar, abin da ya maƙale a yatsan ya ishi rabin fuska. In kin samu na cikin tub mai matsewa, ya fi sauƙin sha'ani.

Zaɓen kala ne inda aka fi yin asarar kuɗi. Masu wankan tarwaɗa galibi suna faɗawa tsakanin 330 Toffee, 338 Spicy Brown da 355 Coconut. Waɗanda suka fi duhu su duba 360 Mocha, 375 Java da 380 Espresso. Amma lamba kaɗai ba ta isa ba, saboda dalili biyu. Na farko, kayan da ke shigowa Legas daga ƙasashe daban-daban suke, na Amurka da na Ingila da na Asiya, kuma jerin lambobinsu ba ya zama ɗaya a kowane lokaci. Na biyu, fandeshan ɗin nan yana ƙara duhu bayan an shafa: ruwan ciki ya ƙafe, maiƙon fuska ya jiƙa launin, sai ya koma ja-ja. Don haka kada ki gwada a bayan hannu a ƙarƙashin fitilar shago ki biya nan take. Ki ja layi biyu ko uku a muƙamuƙi, ki fita waje inda hasken rana yake, ki jira minti 15, sannan ki duba madubi. Wanda ya ɓace a cikin fatarki shi ne naki. Mai shago zai iya ce miki, "Hajiya, ɗauki wannan, zai ƙara miki haske." Kada ki biye masa. Fandeshan da ya fi fata haske toka-toka yake komawa a kan baƙar fata, kuma ko hijabi ya rufe wuya, hannayenki suna waje, kowa zai ga bambancin.

Ga yadda ake shafa shi don zuwa aiki, makaranta ko kasuwa. A wanke fuska da sabulu marar ƙarfi. A shafa mai marar nauyi, irin mai ruwa-ruwa, girman ƙwayar wake, a bari minti biyar. Masu maiƙo da yawa suna tsallake wannan matakin suna ganin ai fuskarsu ta riga ta ƙoshi, alhali fatar da aka bari a bushe fandeshan ba ya kwanciya a kanta lumui. Man kaɗe da basilin a ajiye su sai dare, domin kwalliya zamewa take yi a kansu. Sai man kariyar rana mai SPF 30 ko sama (SPF ma'aunin ƙarfin kariyar ne), tsawon yatsu biyu, a bari minti goma ya zauna. Wannan jiran yana da muhimmanci: in aka ɗora fandeshan a kan man da bai sha ba, sai ki ga yana murtsukewa yana fita ƙanana-ƙanana a ƙarƙashin yatsa. Kada kuma a dogara da fandeshan ɗin wajen kare rana, wasu kwalabensa babu SPF sam, masu shi ɗin ma abin da ake shafawa bai kai yawan da zai yi kariya ba.

Yanzu fandeshan. Girman ƙwayar gyaɗa ɗaya ya ishi fuska duka. A jiƙa soson kwalliya, a matse shi sosai a cikin tawul har sai ba ya ɗigar da ruwa. A ɗiga a kunci ɗaya, a daddanna da soson daga tsakiyar fuska zuwa gefe, a gama da shi kafin a koma ɗaya kuncin. In aka ɗiɗɗiga a fuska duka lokaci guda, kafin a zagayo na goshi ya bushe ya bar shaida. Dannawa ake yi, ba gogawa ba. Gefen baki da ƙasan ido abin da ya rage a soso kawai za a kai musu, domin nan ne fata ke motsi, nan ne kauri ke tsagewa. Mai sa hijabi ta tsaya kamar faɗin yatsa ɗaya kafin inda bakin hijabin ke zama, ta baje gefen har ya ɓace. Fit Me yana fita a jikin tufa, ba ma a ɓoye wannan, kuma farin hijabi ko mayafi mai haske shi ya fi shan wahala a haɓa da gefen kumatu. Hoda a wannan layin tana rage abin, ba ta hana shi gaba ɗaya.

Konsilar Pro Conceal ƙaramin tub ne mai giram 8 da buroshi a bakinsa, kuma a cikin ukun ita ce muka fi ganin ta fi kuɗinta. Kaurinta ya sa ɗigo kaɗan ke rufe tabon ƙuraje. Wannan kaurin ne kuma ke jawo matsala a ƙasan ido: in an zana babban alwatika irin wanda ake gani a bidiyon intanet, cikin awa ɗaya a zafin Legas zai taru a layukan fata ya tsufar da fuska. Ɗigo uku ƙanana sun isa kowane ido, biyu kusa da hanci inda duhun ya fi yawa, ɗaya a gefe. A zaɓi wadda ta fi fatarki haske da kala ɗaya don kullum, biyu in biki ne. Fawn, Toffee da Warm Honey su aka fi nema a wajen masu wankan tarwaɗa, Chestnut da Beautiful Bronze ga masu duhu. Akwai kuma mai ruwan lemo, wadda mutane da yawa ba su san amfaninta ba. Baƙin tabo da duhun zagayen baki, in aka ɗora musu konsila mai haske kai tsaye, toka suke komawa. Ruwan lemo yana kashe wannan duhun tukuna. A taɓa ɗan mitsitsi a kan tabon kaɗai, a danna da yatsa, a bari minti ɗaya, sannan a ɗora fandeshan a hankali. In lemon yana lekowa ta cikin fandeshan, an sa da yawa.

Buroshin bakin tub ɗin kada ya riƙa taɓa fuska, musamman in akwai ƙurji mai ruwa. A matso a bayan hannu a ɗiba daga nan. Mai yi wa mutane kwalliya da ke goga buroshi ɗaya a fuskar amarya da ƙawayenta duka, ki roƙe ta da girma da arziki ta matso a hannu.

Sacha kamfanin ƙasar Trinidad da Tobago ne, tun 1979 yake, kuma ya yi suna ne da kayan masu duhun fata. Hodarsa ta Buttercup gari ce mai laushi ƙwarai, abin da ya ɗaukaka ta shi ne hoto. Fararen hodoji da yawa, saboda sinadaran da ke mayar da haske, sukan sa ƙasan ido ya fito fari fat idan fitilar kyamara ta haska, ko da a ido ba a ga komai ba. Buttercup ba ta cika yin haka ba. Wajen riƙe maiƙo ma tana da ƙoƙari sosai. Sai dai ruwan ɗorawarta yana da ƙarfi. A kan fata mai duhu sosai, in aka bar ta ta daɗe, takan bar rawaya-rawaya a ƙasan ido da goshi. Ga masu haske kuma akwai Buttercup Light da ta fi dacewa da su. Don kullum ba a buƙatar a tula ta a jira. A ɗiba da soso, a kaɗe a bayan hannu, a danna a ƙasan ido, karan hanci, goshi da haɓa, a share da buroshi nan take. Tulawa a bari minti uku zuwa biyar aikin ranar kamu ko dina ne, inda za a sha fitila da rawa. Bayan an share, a bi fuska da hoda mai kalar fata don launin ya dawo daidai. A nan kayan gida irin na Zaron da House of Tara suna da amfani, domin kalolinsu don fatar 'yan Najeriya aka haɗa su.

Idan naso ya fito da rana, kada a kai hoda tukuna. A raba tishu gida biyu, a ɗora falle ɗaya a goshi da hanci, a danna a ɗaga. Sai maiƙon ya fita sannan a taɓa hoda kaɗan in da buƙata. Hoda a kan gumi ita ke haɗa wannan dabbare-dabbaren da ake gani a gefen hanci da la'asar.

Akwai abin da masu tallan kayan nan ba sa lissafawa, mu kuwa kullum yana gabanmu: alwala. Fit Me yana ɗauke da silikon, Pro Conceal kuma tana da kauri da danƙo, su biyun suna yin shimfiɗa a kan fata wadda ruwa ke zamewa a kai. Malamai sun yi bayani cewa duk abin da ya hana ruwa isa ga fata sai an gusar da shi kafin alwala ta inganta. Saboda haka tsarin da ya fi sauƙi ga mai fita da safe shi ne ta yi alwala kafin kwalliya, ta kuma riƙe ƙaramar kwalbar ruwan misela, wato ruwan goge kwalliya, da auduga a jaka. Auduga biyu zuwa uku suna goge siririyar kwalliya cikin minti biyu kafin azahar. Bayan sallah, konsila a kan tabo, hoda, man leɓe, shi ke nan, ba sai an sake gini daga tushe ba. Wannan ma wani dalili ne na shafa kaɗan. Wadda kuma ta san za ta yi alwala sau biyu ko uku a waje, gara ta bar fandeshan a gida ta fita da konsila da hoda kawai. Ga fuskar da ba ta da tabo da yawa, hakan ya ma fi kyau.

Sauran kwalliyar kullum ba ta da yawa. Jagira mai ruwan ƙasa mai duhu ta fi baƙa ƙirin kyau a yawancin fuskoki, a ja gajerun layuka bin gashin gira, a taje da buroshi. A leɓe, a zagaye da jagirar leɓe mai ruwan ƙasa, a sa jan baki mai haske a tsakiya, a haɗe laɓɓan.

Shekarar Legas ba ta tafiya daidai, kayan ma haka. Fabrairu da Maris ne zafi ya fi tsanani, a nan ukun nan suke nuna ƙarfinsu, kuma a nan ne furaima, wadda ake shafawa kafin fandeshan don hana maiƙo a goshi da hanci, ke da amfani. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ne, Yuni ta fi kowanne, sai ya ɗan tsagaita a Agusta ya dawo a Satumba da Oktoba. A damina abin da ke fara lalacewa ido ne: maskara da gazal marasa jure ruwa suna gangarowa ƙasan ido, su haɗu da konsila su yi baƙi. A nemi masu jure ruwa, a sa a gashin ido na sama kaɗai. In ruwan sama ya taɓa fuska, a danna da tishu, kada a goge. Soso kuma a damina ba ya bushewa da kansa a cikin jaka, yana yin fumfuna. A wanke shi bayan kowane amfani a shanya a sarari, a canja shi duk wata uku.

Hunturun Legas gajere ne, Disamba zuwa Janairu, wata shekarar ma da ƙyar ake jin sa. Matsalar tana ga masu tafiya gida Arewa bikin ƙarshen shekara, inda laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Fandeshan ɗin da ya zauna lafiya a Agege, a Kano sai ya kama kowane ɓawon fata, fuska ta yi furu-furu ta tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Dalili shi ne duk abin da aka zuba masa don shan maiƙo yana ci gaba da aikinsa a kan fatar da ba ta da maiƙon. Gyaran: mai mai ɗan nauyi kafin kwalliya, a gauraya ɗigon man shafawa ɗaya da fandeshan a bayan hannu, a taƙaita Buttercup ga ƙasan ido da hanci kawai. Mai busasshiyar fata tun asali ta nemi ɗan'uwansa Fit Me Dewy + Smooth, domin Matte + Poreless ba nata ba ne ko a Legas. Jan baki marar sheƙi shi ma yana tona fasasshen leɓe a wannan lokaci. A shafa man kaɗe da dare, da safe a goge da tawul mai ɗumi, a koma jan baki mai maiƙo. Launuka masu duhu irin ruwan zoɓo da ruwan goro sun fi amsa hasken hunturu da leshin biki, masu haske kuma sun fi sauƙin gyarawa a watannin gumi.

Sai maganar jabu, wadda ta fi komai ɓata wa kayan nan suna. Duk ukun ana kwaikwayonsu, kuma a manyan kasuwanni na asali da jabu suna iya zama a layi ɗaya. Araha ba ta ado: in farashi ya faɗo rabin na sauran shaguna, da walakin. A duba rubutun jikin kwalba, na jabu yakan yi dishi-dishi ko ya kankare da farce, wani lokaci har da kuskuren harafi. A nemi lambar rukunin kaya da kamfani ke bugawa a gindin kwalba ko a bakin tub. A sansana, warin fenti ko turare mai hawa kai alama ce mara kyau. Fit Me na jabu yakan rabu, mai a sama launi a ƙasa, ko an girgiza ba ya haɗuwa sosai. Buttercup ta jabu tana da tsakuwa-tsakuwa in an murza tsakanin yatsu, ta asali kuwa sulɓi gare ta. Ba kuɗi kaɗai ake asara ba, domin ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki, kuma a kusa da ido ake shafa shi. A sayi a shagon da ke ba da rasit wanda za a iya komawa gobe a same shi. Sabon kaya kuma a fara gwada shi a bayan kunne a bari kwana ɗaya, in ya yi ƙaiƙayi ko ja a haƙura da shi.

Tunda an zo kan ido, kwallin dutse da muka gada, wanda Yarabawa ke kira tiro, yawancinsa daga ma'adinin dalma ake niƙa shi. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu gubar dalma a jininsa, aka gano daga tiro ne da aka kawo daga Najeriya, wanda awo ya nuna kashi 82.6 cikin 100 nasa dalma ce. Irin gubar ce da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta hanyar haƙar zinare. Mai ciki, mai shayarwa da jarirai su nisance shi. Gazal na fensir daga kamfani sananne yana ba da baƙin da ake so.

A jikin kayan ruwa da yawa akwai ɗan hoton gwangwani a buɗe da lamba kamar 12M ko 24M, wato watannin da zai yi bayan an buɗe shi. Zafin Legas yana iya rage wannan wa'adin, don haka kada a bar jakar kwalliya a mota ko a bakin taga. Maskara wata uku ne. Da dare a fara narkar da kwalliya da ruwan misela ko man goge fuska, sannan a wanke da sabulu, domin sabulu shi kaɗai ba ya cire silikon duka, kuma ragowar da ke kwana a gefen hanci da layin hijabi tana cikin abubuwan da ke kawo ƙananan ƙurajen da ake ɗora wa fandeshan laifinsu.